Neman rai a duniyar Mars: an haƙo dutsen, kuɗin ɗauko shi ya gagara

Ranar 3 ga Oktoban 1962, kaka ta kama, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa a Zagami, yankin Faskari ta ƙasar Katsina, sai ya ji wata ƙara mai razanarwa, iska ta buge shi, wani abu ya daki ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da ƙura ta lafa aka tarar da dutse a cikin rami mai zurfin kusan ƙafa biyu. Nauyinsa kilo 18. Aka kai shi Kaduna, ofishin binciken ma'adinai, aka ajiye shi a matsayin ɗaya daga cikin duwatsun nan da kan faɗo daga sama jefi-jefi.

Sai bayan shekaru aka tabbatar da asalinsa. A jikinsa akwai wasu ƙananan gurabe da suka taɓa narkewa suka zama gilashi, gilashin kuma ya kulle 'yar iska a ciki. A 1995 masana suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa iskar, ta zo daidai da ta duniyar Mars, wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a can tun 1976. Abin da ya faru shi ne, wajen shekara miliyan uku da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗa wa Mars, ya watsa ɓaraguzanta zuwa sararin samaniya, ɗaya daga ciki ya yi ta gararamba har ya ƙare a gonar Bakatsine. A 1996 ma an manna wani ɗan ɓantarensa a jikin kumbon Mars Global Surveyor, aka mayar da shi ya dinga kewaya duniyar da ya baro.

To in dai dutsen Mars yana faɗowa kyauta har cikin gona, me ya sa manyan ƙasashe ke lissafin biliyoyin daloli don a je can a ɗebo wanda bai kai cikin kwano ba? Tambaya guda ce ta jawo haka: shin an taɓa yin wani abu mai rai a wata duniya ban da tamu?

Abin da ke kwance bakin jaka

Ba wannan tambayar ce ta fara kai mutum sama ba. Gasa ce da jin kunya. Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a Oktoban 1957, Amurka ta ga an sha gabanta, ta zuba kuɗi ba ji ba gani. Har Kano ta samu rabonta a wancan zamani, domin an kafa tashar bin sawun kumbo a can, wadda ta yi aiki lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya kewaya duniya a Fabrairun 1962, 'yan watanni kafin dutsen Zagami ya faɗo. A 1966 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana cin sama da kashi 4 cikin ɗari na kasafin gwamnatin tarayyar Amurka. Da Amurka ta kafa tuta a kan wata a 1969, gasar ta ƙare, zumuɗi ya kwanta. Tun Disambar 1972 ba wanda ya sake taka wata, kuma yau kason NASA bai kai rabin kashi ɗaya ba.

Masu ƙorafi kuwa tun ranar farko suna nan. Ana gobe za a harba Apollo 11, kumbon da ya fara kai mutum kan wata, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya jagoranci talakawa da alfadaransu zuwa bakin tashar harbawa a Fulorida, yana tambaya yaya za a yi ƙasa ta iya kai mutum wata amma ta kasa ciyar da mutanenta. Tauraron ɗan'adam mai hasashen damina ko mai ɗaukar kiran waya ba ya bukatar wanda zai kare shi daga irin wannan tambaya, amfaninsa a fili yake. Amma kumbon da za a aika Mars ba zai dawo da ko sisi ba. Dole a samo dalilin da zai ratsa zuciyar ɗan majalisa da mai biyan haraji, kuma cikin shekara hamsin ɗin nan ba a samu wanda ya kai neman rai ƙarfi ba. Masanin duwatsu yana son sanin yadda duwatsu masu aman wuta na Mars suka tashi, masanin iska yana son sanin inda iskarta ta tafi, amma idan aka zo gaban majalisa, kusan duk sai su fake a bayan kalmar rai.

A nan ya kamata mai karatu ya cire hoton finafinai daga kansa. Ba wasu mutane masu ƙaton kai da manyan idanu ake nema ba. Ƙwayoyin halitta ake nema, irin bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, kuma galibi ma ba masu rai yanzu ba, sai dai sawun da suka bari a dutse biliyoyin shekaru da suka shuɗe. Tunanin cewa akwai wasu duniyoyi shi ma ba Turawa suka ƙago shi ba. Fakhruddin al-Razi, malamin tafsirin nan da ya rayu a ƙarni na 12, ya kafa hujja cewa ikon Allah bai gaza halittar dubban duniyoyi bayan wannan ba. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu akwai kayan zuwa a duba.

Darasin Viking

Mars ta daɗe tana yaudarar masu kallonta. A ƙarshen ƙarni na 19 wani attajiri Ba'amurke, Percival Lowell, ya gina wurin hangen taurari a Arizona, ya dage cewa yana ganin magudanan ruwa da wasu halittu masu wayo suka haƙa. Idonsa ne ya zana masa su. A 1965 kumbon Mariner 4 ya wuce ta gefen Mars ya aiko da hotuna ashirin da 'yan kai, babu magudana, sai busasshiyar ƙasa mai ramuka.

Duk da haka aka kashe wajen dala biliyan ɗaya, kuɗin wancan lokaci, aka gina Viking guda biyu, suka sauka a Yuli da Satumban 1976. Har yau su ne kaɗai aka aika Mars da niyyar gwada ƙasarta kai tsaye a ga ko akwai mai numfashi a ciki. Gwajin da ya fi tayar da ƙura na wani injiniya ne mai suna Gilbert Levin. Dabararsa mai sauƙi ce: a ɗebi ƙasa, a ɗiga mata ruwan abinci da aka yi wa alama, a jira. In akwai abin da ya ci abincin, zai fitar da iska mai ɗauke da wannan alama. Aka ɗiga, iska ta fito. Aka ɗebi wata ƙasar aka gasa ta da zafin digiri 160 don a kashe duk abin da ke ciki, aka sake ɗigawa, shiru. A duniyarmu wannan sakamako ana kiransa rai.

Amma wata na'urar a jikin kumbon, wadda aikinta shi ne gano sinadaran kabon da ake gina jikin mai rai da su, ba ta samu komai ba. Ga alamar numfashi, babu gangar jiki. Kuma da aka ƙara wa ƙasar farko abinci karo na biyu, ba ta sake fitar da sabuwar iska ba, alhali da masu rai ne da sun koma kan akushi. Yawancin masana suka yanke cewa wani sinadari ne mai kaifi a ƙasar ya ƙona abincin. Sai a 2008 kumbon Phoenix ya gano wani gishiri mai suna faklorat a ƙasar Mars, wanda in aka gasa shi tare da sinadaran kabon yakan cinye su. Wato mai yiwuwa tandun Viking da kansa ne ya ƙone abin da ya je nema. Levin ya rasu a 2021 yana da shekara 97, bai taɓa janye maganarsa cewa ya gano rai ba.

Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo baya. Da aka ce babu rai, sai bakin jaka ya ɗaure. Amurka ba ta sake sauke komai a Mars ba sai 1997, shekara 21 ke nan.

Abin da ya farfaɗo da harkar kuwa dutse ne irin na Zagami. An tsince shi a ƙanƙarar Antatika a 1984, ana kiransa ALH84001. A Agustan 1996 wasu masanan NASA ƙarƙashin David McKay suka ce sun ga wasu ƙananan siffofi a cikinsa masu kama da gawar bakteriya. Shugaba Bill Clinton da kansa ya fito ya yi jawabi a kai. Cikin 'yan shekaru wasu masanan suka nuna cewa kusan duk alamomin za su iya samuwa ba tare da rai ba, kuma yau kaɗan ne ke kare waccan magana. Maganar ta faɗi, amma kuɗin da ta jawo bai koma ba. A 1998 NASA ta kafa cibiya ta musamman don nazarin rai a sararin samaniya, kuma tun daga nan motocin bincike suke bin juna zuwa Mars: Spirit da Opportunity a 2004, Curiosity a 2012, Perseverance a 2021. Sai dai an sauya salo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. An daina cewa za a je neman rai, aka koma cewa za a bi sawun ruwa, a ga ko wurin ya taɓa dacewa da zaman mai rai.

Fagen neman ma ya faɗaɗa. Tun 1977 aka gano halittu a ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos, a cikin duhun da rana ba ta kaiwa, suna rayuwa da sinadaran da ke fitowa daga maɓuɓɓugar ruwan zafi. In haka ne, duk inda ruwa da dutse da ɗumi suka haɗu abin dubawa ne. Europa, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupita, ana kyautata zaton tana da teku a ƙarƙashin ƙanƙararta wanda ya ninka duk tekunan duniyarmu sau biyu. Kumbon Europa Clipper, mai kuɗi wajen dala biliyan 5, ya tashi a Oktoban 2024, zai isa a 2030. A wani ɗan ƙaramin wata na duniyar Zuhal mai suna Enceladus, kumbon Cassini ya ga ruwa yana tsartuwa zuwa sarari, ya ratsa ta cikinsa ya ɗanɗana. Da mansa ya kusa ƙarewa a 2017, da gangan aka jefa shi cikin Zuhal ya ƙone, don kada wata rana ya faɗa kan wannan wata ya shafa masa ƙwayoyin duniyarmu. Can nesa kuma, duniyoyin da aka tabbatar suna kewaya wasu taurari sun haura 6,000, alhali kafin 1995 ba a san ko ɗaya mai kewaya tauraro irin ranarmu ba.

Shelar da ba ta daɗewa ita ma ta yawaita. A 2020 an ce an ga wata iska mai alaƙa da rai a gajimaren Zara, matar wata. A Afrilun 2025 masana daga jami'ar Kambirij suka ce madubin hangen nesa na James Webb ya shinshino wani sinadari a duniyar K2-18b, wanda a nan ƙananan halittun teku ne ke fitar da shi. Duka biyun sun cika jaridu, duka biyun kuma da wasu masanan suka sake bin lissafin sai suka ce alamar ba ta da ƙarfin da aka ɗora mata. A ganina wannan ne haɗarin jingina dukan harkar a kan neman rai. Kalmar tana sayar da labari, kuma ofisoshin yaɗa labaran jami'o'i sun san haka. In aka ci gaba da yi wa jama'a albishir ana janyewa, ranar da za a zo da na gaskiya ba lallai a samu mai saurare ba.

Dutse mai zanen damisa

Perseverance ta sauka ranar 18 ga Fabrairun 2021 a wani makeken kwari mai suna Jezero, faɗinsa kilomita 45. An zaɓe shi ne saboda hotuna daga sama sun nuna cewa sama da shekara biliyan uku da suka wuce tafki ne, kogi yana zuba a cikinsa yana tara laka. Laka kuwa ita ce ta fi iya adana sawun mai rai. Motar, wadda aikinta ya ci wajen dala biliyan 2.7, tana ɗauke da bututun ƙarfe 43. Tana huda dutse, ta zaro cibiyarsa mai girman alli, ta saka a bututu ta liƙe.

A Yulin 2024, a tsohuwar hanyar kogin, ta ci karo da wani jan dutse na daskararriyar laka, tsawonsa kamar mita ɗaya, aka raɗa masa suna Cheyava Falls. A jikinsa akwai ɗigo-ɗigo farare masu baƙin baki, ƙanana ƙwarai, masu binciken suka ce zanen damisa. Na'urorin motar suka nuna abu uku a wuri guda: sinadaran kabon, da wani ma'adini na ƙarfe da fosfarus, da wani na ƙarfe da farar wuta. A duniyarmu, irin wannan haɗi a cikin laka yakan samu ne inda ƙwayoyin halitta suka ci ruɓaɓɓen abu, suka yi numfashi da tsatsar ƙarfe maimakon iska, suka bar waɗannan ma'adinai a matsayin ragowa. Ana iya samun su ba tare da rai ba, amma hanyoyin da aka fi sani suna bukatar zafi mai tsanani ko ruwa mai tsami sosai, dutsen kuma bai nuna alamar ya sha ko ɗaya ba.

Wannan karon ba a yi gaggawa ba. An shafe fiye da shekara ana bin diddigi, sannan ranar 10 ga Satumban 2025 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken, wanda Joel Hurowitz na jami'ar Stony Brook ya jagoranta. Abin da suka ce shi ne alama ce da ka iya zama ta rai. Ba su ce rai ba ne. Suka kuma ƙara da cewa motar ta yi iya abin da za ta iya, sauran aikin sai a ɗakin gwaje-gwaje na duniya, inda ake da na'urori masu girman gida da ba za su taɓa shiga kumbo ba.

Nan ne tambayar farko ta dawo. Akwai duwatsun Mars wajen 400 a hannun mutane, me zai hana a yi aikin da su? Dalilin shi ne dutsen da ya faɗo da kansa kamar ruwaya ce da ba ta da isnadi. Ba a san daga wane wuri a Mars ya fito ba, ba a san abin da ke gefensa ba, ya sha dukan da ya narkar da wani sashensa, sannan ya zo ya kwanta a ƙasarmu mai cike da ƙwayoyin halitta. Duk abin da aka gani a ciki, mai musu zai ce a nan ya kwasa, kuma haka aka yi wa dutsen Antatika. Bugu da ƙari kusan dukansu daskararren aman wuta ne. Na Zagami bai wuce shekara miliyan 180 da daskarewa ba, lokacin da Mars ta riga ta daɗe da bushewa. Laka ba ta cika jure irin dukan da ke fitar da dutse daga wata duniya ba. Na cikin bututun kuwa an san wurinsa, an ɗauki hoton maƙwabtansa, an liƙe shi kafin wani hannu ya taɓa shi.

Hakan bai hana duwatsun da suka faɗo yin tsada ba. A Nuwamban 2023 wani mai farautar irinsu ya tsinci ɗaya a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, nauyinsa ya kusa kilo 25. Ya bi ta Italiya, ya ɓulla a Niyok, inda kamfanin gwanjo na Sotheby's ya tallata shi a matsayin yankin Mars mafi girma a doron ƙasa, aka sayar da shi dala miliyan 5.3 ranar 16 ga Yulin 2025. Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda aka yi ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Kamfanin ya ce takardunsa sun cika. Na Zagami ma ba a bar shi cikakke a Kaduna ba, tun ƙarshen shekarun 1980 babban kaso ya shiga hannun wani dillali Ba'amurke, aka yayyanka, yau gutsattsarinsa suna gidajen tarihi da akwatunan masu tara kayan marmari a faɗin duniya. Sahara tana cikin wuraren da aka fi tsintar waɗannan duwatsu, saboda baƙin dutse a kan farin yashi ba ya ɓuya, kuma rashin ruwa yana adana shi. Amma sakamakon nazarinsu a wasu ƙasashe ake rubuta shi.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Shirin ɗauko bututun ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an sauke wani kumbo kusa da motar, ɗauke da ƙaramar roka. A loda bututun a cikinta, ta tashi daga Mars, abin da ba a taɓa yi ba. A sama wani kumbo na Turai ya cafke kwanson da ke ɗauke da bututun, ya kamo hanyar gida, ya sako shi a hamadar Utah. Don gudun kada motar ta lalace kafin lokacin, tun farkon 2023 ta ajiye bututu goma a ƙasa a matsayin ajiyar ko-ta-kwana.

A 2023 kwamitin da aka kafa ya duba shirin ya ce kuɗinsa zai kai dala biliyan 8 zuwa 11. Shugaban NASA na lokacin, Bill Nelson, ya fito a Afrilun 2024 ya ce biliyan 11 ta yi yawa, kuma jira har 2040 ya yi tsawo. A Mayun 2025 kasafin da fadar Shugaba Donald Trump ta gabatar ya nemi a soke shirin kacokan, a kuma zabtare kusan rabin kuɗin binciken kimiyya na hukumar, a karkata zuwa ga aika mutane wata da Mars. Wata huɗu bayan haka muƙaddashin shugaban hukumar na lokacin, Sean Duffy, ya tsaya gaban 'yan jarida yana bayyana dutsen mai zanen damisa a matsayin abin da ka iya zama alamar rai mafi ƙarfi da aka taɓa gani a Mars. Gwamnati ɗaya ce ta yi duka biyun. Wannan ya nuna iyakar kalmar rai: tana isa a yi taron manema labarai da ita, tana isa a gina motar biliyan biyu ko uku, amma da lissafi ya haura goma sai ta gaza.

Masu cewa a bari sai mutane sun je su ɗauko da hannunsu sun manta abu guda. Jikin mutum ɗaya yana ɗauke da tiriliyoyin ƙwayoyin halitta, kuma babu rigar da ke hana su fita gaba ɗaya. Ranar da ɗan'adam ya taka Mars, tambayar ko rai na can ne ko wanda aka kai za ta ƙara wahalar amsawa.

Turai tana da tata motar, Rosalind Franklin, mai iya haƙa mita biyu cikin ƙasa inda zafin hasken sama bai lalata komai ba. Da a 2022 za ta tashi da rokar Rasha, yaƙin Yukiren ya wargaza haɗin gwiwar, yanzu ana maganar 2028. Amma wadda ta fi ɗaga hankalin Amurkawa ita ce Sin. Ta ɗebo ƙasar wata a 2020, ta sake ɗebo ta bayan wata a 2024, abin da ba wanda ya taɓa yi, ta kuma sauke mota a Mars a 2021 a yunƙurinta na farko. Shirinta na Tianwen-3 zai tashi a 2028, ya dawo a 2031 da aƙalla rabin kilo na ƙasa da dutsen Mars. Za ta ɗiba ne a inda ta sauka, ba zaɓaɓɓun duwatsu irin na Jezero ba, amma za ta riga kowa. Tuni masu kare shirin Amurka suka rage ambaton ƙwayoyin halitta a gaban 'yan majalisa, suka koma ambaton Beijin.